Hancin Aro

Shafi na 17

Masu kirana tun da farar safiya wai ina sauran labari, ku bari mutum ya sha koko mana. Ga shi nan. Ku kuma masu cewa na cika matsa wa Ummaru, ku karanta ku ga wanda ke matsa wa wani.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Uwa ta faɗo gidan. Sallamar ma sai da ta kai tsakar gida ta yi ta, ita ma a gutsure.

Ta ishe ƙanenta Ummaru tsaye bakin ƙofar ɗaki, yana yi wa matarsa Laure faɗa a kan hula.

"Nan na aje ta bisa taga. Gidan ga ba a aje komi a ishe shi!"

"Tana kanka, Malam," in ji Laure. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga shinkafar da take tsinta. Ta yi tari, ta goge hanci da gefen mayafi.

Ya shafa kai. Tana nan kuwa.

"A'a, Yaya! Ke ta da sassafe haka? Laure, kawo tabarma."

"Ban zaka zama ba."

Uwa ita ta goye shi yana jariri, ita kaɗai ce a duk Argungu ke kiran sunansa gatsau ba ta ƙara komi a kai. Kowa Mai Hanci yake ce masa. Shekara talatin, daga nan har Zauro, ba wanda ke tara albasa a rudu, gadon karan nan da ake ɗagawa bisa sanduna a rufa masa ciyawa, ya yi barci da ido biyu rufe sai Ummaru ya zo ya shinshina. Albasa munafuka ce. Daga ciki take fara ruɓa, bayanta na sheƙi kamar amarya. Kafin wuƙa ta gani, hancin Ummaru ya ji. In ya ce sayar, ka sayar ko da faɗuwa. In ya ce aje, ka aje ka jira tsada.

Kwana tara da sunka wuce ya ce wa Uwa ta aje. Buhu arba'in, noman da ta yi da hannunta ita da 'ya'yanta mata tun da mijinta ya rasu.

Ta kwance ƙullin da ke hannunta. Albasa uku. Ta zaɓi ɗaya ta miƙa masa.

"Shinshina."

"Haba Yaya, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ina kwana. Lahiya lau. Shinshina."

Ya karɓa. Ya juya ta, ya murza wuyanta, ya lumshe ido kamar yadda ya saba yi gaban jama'a, ya ja numfashi mai tsawo.

Babu komi. Kamar ya shinshini dutse.

Ya saci kallon Laure. Da ma suna da alama a tsakaninsu: in an kawo albasa har gida, tari ɗaya daga Laure yana nufin ta lalace. To, Laure ta yi tari. Sai ta ƙara. Sai ta ƙara na uku. Tun shekaranjiya take fama da mura, yanzu wa zai gane tarin aiki da tarin Allah?

"Mi kake nema ga matarka?" in ji Uwa. "Hancin can yake?"

Ya gyara murya.

"Wagga lahiya lau take. Ta kai sallah ba fargaba."

"Ta kai sallah."

"Ƙwarai."

"Ummaru, kananzir na jiƙa ta da shi."

Kaza ta zo ta saci shinkafa a farantin Laure, ba wanda ya kore ta.

"Mai keken da ya ɗauko ni sai da ya tambaye ni ko jarka na ɓoye. Tun daga zaure ake jin shi. Ko ba haka ba, Laure?"

Laure ba ta amsa ba. Ta sunkuyar da kai ta sake goge hanci.

"To ai... ai na ji," in ji Ummaru. "Na ɗauka hannunki ne. Ba kananzir kinka tambaye ni ba, ruɓa kinka tambaye ni."

"Allah shi shirye ka."

Ta ɗauko ta biyu, ta zare ƙaramar wuƙa daga ƙugu ta tsaga ta gida biyu. Baƙin ruwa ya biyo yatsunta. Cikin ya yi laɓa-laɓa kamar dafaffen kabewa.

"Daga tsakiyar ruduna ta hito. Rudun da ka ce in aje. Ƙuda sun yi kasuwa a kai, ruwa na ɗiga ƙasa. Maƙwabta na toshe hanci in za su wuce. Kai kuwa shekaranjiya ka bi ta wurin ka ɗaga mani hannu, ka ce sannu da aiki."

"Iska ce ba ta..."

"Ranar sunan jikar maƙwabciyarmu Hamida tukunyar shinkafa ta ƙone ƙurmus, mata na gudu da tari, kana zaune gab da murhu kana cewa a ƙaro wuta. Tun ran nan na sa maka ido. Yaushe ya tahi?"

"Wa?"

"Hancin."

Ummaru ya buɗe baki. Akwai maganar da ya shirya tun shekara uku saboda rana irin ta yau, ya nemo ta cikin kai bai same ta ba. Haka take yi masa yanzu. Magana na kan harshe, sai ta sulale kamar tarwaɗa a hannun mai jin barci.

Laure ta dire farantin.

"Ni hwa na gaji."

"Laure!"

"Wallahi na gaji, Malam. Yaya, zauna ki ji. Tun murar nan ta shekarar kulle, da anka hana kowa hita, wadda ta kwantar da shi sati uku shina tari awa ƙirjin zai tsage. Zazzaɓi ya tahi, tari ya tahi, munka yi sadaka munka ce ya warke. Ashe hanci ya bi su."

"Shekara uku?"

"Da wata huɗu."

Uwa ta zauna. Ba kan tabarma ba, kan turmi.

"To duk rudun da yake shinshinawa?"

"Ba ki ji sabon salon da ya hito da shi ba? In an kira shi, sai shi ɗebo uku daga tsakiya shi sa aljihu, shi ce sai na kwana da ita. Mutane na cewa kai, Mai Hanci ya ƙara zurfi, yanzu har istihara yake yi wa albasa. Istihara! Nan yake kawo mani ita. Ni ke shinshinawa. Shekara ashirin da shida ina wanke rigunansa, ai ko jaki ne ya koya. In na hwaɗi, da sahe shi ɗauki waya shi yi muryar manya."

"Inna lillahi."

"Ko sau ɗaya ban yi kuskure ba, Yaya. Ko sau ɗaya."

"To ni mi na yi maki da kinka kashe ni?"

"Ba ni ba ce." Laure ta nuna shi da leɓe. "Tambaye shi aljihu."

Ummaru ya juya zai shige ɗaki.

"Dawo nan!" in ji Uwa. Ya dawo. Mutum mai furfura a gemu, ya tsaya kamar ɗan da anka kama da hannu cikin tukunya.

"Ran Talatar nan rudu biyu ya duba," in ji Laure. "Naki da na Alhaji Abdussamadu, wanga mai gida a Gesse can Birnin Kebbi, mai ruduna a bakin hanyar fadama. Ya zaka da uku a aljihun dama, uku a na hagu. Na shinshina. Na ce na dama sun kama hanya, ba su wuce kwana goma. Na hagu garau. Na ce Malam, na wa ne a dama? Ya ce na Alhaji."

"Na Alhaji ne a dama," in ji Ummaru. Amma a hankali ya faɗa.

"Sau uku na tambaye ka. Na uku ka ce ko zan koya maka sana'ar ubanka."

"Ni dai na san na hwara da na Alhaji."

"Ka hwara da na Yaya, don ni na ba ka tuwon da za ka kai mata! Kwanon ma can ka baro shi. Kuma ran nan ne ka tahi masallaci da babur ka dawo da ƙahwa, ka tara mani unguwa wai an sace."

Uwa ta dafe kai da hannu biyu.

"Na ce shi riƙa ɗaura zare ga na mutum guda," Laure ta ci gaba. "Zare hwa, Yaya. Ja ko baƙi. Ya ce shi ba yaro ba ne, kansa ya hi littahi."

"Littahin da gara ta ci," in ji Uwa.

Wannan ta shige shi. Ya zauna bakin dokin ƙofa, ya ɓoye hannun damansa cikin riga, don in ransa ya ɓaci rawa yake ɗan yi, shi ma tun bayan ciwon.

Su ba su sani ba. Ba su san yadda duniya take in an cire mata ƙamshi ba. Ruwan farko ya sauka, kowa na cewa kai ƙasa ta yi daɗi, shi ya tsaya kamar baƙo. Tuwon shinkafa da miyar kifi ya koma masa kamar tauna tsumma. Jikarsa jaririya anka miƙa masa, ya sa hanci a kanta bai ji komi ba, ya miƙa ta da sauri ya fita. Wani lokaci kuma cikin sallah sai warin ƙonanniyar roba ya taso masa, ya sallame ya duba ko'ina, ba hayaƙi ba wuta. Ga kuma hazon da ke sauko masa cikin kai da rana tsaka, ya tsaya tsakiyar kasuwa bai san abin da ya kawo shi ba.

Gona ba ya da ita, rumfa ba ya da ita. Mutumin da duk abin da ya mallaka hanci ne, ya fito ya ce hancin ya mutu? Sai ya zama wa?

"Ba a kai shi asibiti ba?" in ji Uwa.

Laure ta yi wata dariya marar daɗi. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙananan gwangwanaye huɗu irin na man shafawa, ta jera su a ƙasa. Ƙura ta rufe murafen.

"Har Birnin Kebbi munka tahi. Likita ya zauna da shi ya hi rabin awa. Ya ce ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke kai wari ga ƙwaƙwalwa, mantuwar ma daga nan take. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, sun ga da yawa. Ya ce wasu na dawowa a hankali, amma sai an yi ta tuna wa hancin aikinsa. Kanumfari, ɓawon lemu, citta, turare. Sahe da yamma, a shinshina kowane a tsanake. A dawo bayan wata uku."

"Ya yi?"

"Kwana tara. Ya ce shi ba akuya ba ne da za shi zauna shina shinshinar gwangwani."

"Komawar hwa?"

"Mun koma. Mun kai bakin ƙofar asibiti, sai ya hango Sunusi dillalin albasa ya kawo tsohuwarsa. Yaya, bayan keke ya laɓe. Da rigarsa, da hularsa. Daga nan munka juyo Argungu."

"Da an gan ni an tambaya," in ji Ummaru.

"Ka ce basir! Wa ba ya da basir?"

Uwa ta miƙe, ta kaɗe zane.

"To ya isa. Ban zaka jin tarihi ba. Tun jiya da asuba ni da ɗiyana muke tsinta. Cikin arba'in, ashirin da bakwai sun hita da rai. In sun bar garin ga yau, an sha. In sun ƙara kwana uku, juji."

"Sai a nemi mota."

"Mota guda ta shigo daga kudu, kai ma ka sani. Wata sai bayan sati biyu. Kuma wa ya cika ta? Alhaji Abdussamadu, buhu ɗari biyu, shina karyar da lahiyayyar albasa don Mai Hanci ya ce ta ruɓe. Yau bayan azahar za su yi lodi."

"Zan yi wa direban magana. A ɗora naki daga sama."

"Na je. Ya ce ko kwandon tumatir ba shi da wurinsa."

"To a yanka a shanya."

"Buhu ashirin da bakwai? Bisa kanka za a shanya?"

Sai fuskar Ummaru ta ɗan washe, irin ta wanda ya tsinci dabara.

"Bari. Zan ce wa Alhaji na sake kwana da ita. Na ga haske. In ce shi dakata, iska ta canja, albasar ta farfaɗo."

"Ruɓaɓɓiyar albasa ta farfaɗo," in ji Laure. "Awa wadda ta suma."

"Ke yi mani shiru!"

"Ba ni yi. Kuma ka ji da kyau, Malam, daga yau na karɓe hancina. Ka nemi wani wurin aro."

Ta juya baya tana tari.

"Ka tahi ka gaya wa Alhaji gaskiya," in ji Uwa. "Shi riƙe kayansa ya ci ribarsa, a ba ni wuri a mota. Kowa ya huta."

"Ban da ni."

"Kai ka ƙulla."

"Yaya, in na hwaɗi wagga magana, gobe ko yaro ba shi gaishe ni a kasuwa."

"In ba ka hwaɗi ba, mi ɗiyana huɗu za su ci da damina? Gaisuwar taka?"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya laluba aljihun hagu. Tana aljihun dama.

Alhaji Abdussamadu ne.

"Sa a bayyane," in ji Uwa.

Muryar Alhaji ta cika tsakar gidan, da hayaniyar 'yan dako a bayanta.

"Mai Hanci! Kana ina? Direban ga ya ce ba shi jiran azahar, hanya ba kyau. Mun hwara lodi tun ɗazu."

"Tun... tun ɗazu, Alhaji?"

"An kusa hamsin. Zaka ka sa muna albarka. Ga su Sunusi da Mujtaba duk suna nan, kowa na son ka leƙa nasa rudun. Na ce masu ku bi layi, ni ya hwara ceta. Wallahi da ba don kai ba da na yi kuka bana."

"Allah shi kyauta, Alhaji."

"Maza dai."

Ya kashe.

Uwa ta naɗe albasa ta uku, wadda ba ta yanka ba, cikin ƙullinta.

"Ko ka hwaɗi da bakinka, ko in hwaɗi da nawa. Nawa kuwa ka san ba shi da murhi."

Ummaru ya tashi. Ya shiga ɗaki. Ya fito. Ya sake shiga.

"Mi kake nema?" in ji Laure.

"Makullin babur."

"Shina wuyanka. Ni na ɗaura maka shi da igiya."

Ya fita ba sallama.

"Ɗauko hijabinki," Uwa ta ce wa Laure.

"Yaya, ni da na zauna. Jikina ba daɗi."

"Tare kunka dafa, tare za ku sauke. Tashi."

Bakin hanyar fadama rana ta riga ta buɗe. Babbar motar na tsaye, ɓawon albasa na tashi ja-ja yana manne wa mutane a gumi. 'Yan dako na hawa katako da buhu a ka, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa. Ummaru ya san yadda wurin nan yake da wari a da. Yaji ne mai shiga ido, da danshin kara, da gumin mutane. Yau sai ya ga kamar a talabijin yake kallonsu.

"Ga shi nan! Ga Mai Hanci!"

Alhaji Abdussamadu ya taho da babbar rigarsa, ya kama hannunsa da hannu biyu. Sunusi da Mujtaba da wasu dillalai sun fi goma sunka kewaye shi, kowa na miƙo hannu.

"Kun gan shi nan," in ji Alhaji. "Yarana sun yanka goma ɗazu, ba su ga komi ba. Sunka ce Alhaji, anya? Na ce ku rufa mani baki. Abin da wuƙa za ta gani mako mai zuwa, shi ya ji shi tun makon jiya. Uban wa ya taɓa jin ya yi kure?"

Anka yi dariya. Anka ce babu.

Ummaru ya yi murmushi shi ma. A kan hanya ya tsara yadda zai ja Alhaji gefe, ya fara da kaza ya bi da kaza, a rufa asiri. Yanzu ya duba cikin kansa, ba kaza ba kaza. Hazo kawai.

Wani buhu ya hau. Wani ya bi shi.

Zai iya yin shiru. Awa ɗaya ta isa a cika motar, a ɗaure tamfol, Alhaji ya koma Gesse yana sa masa albarka. In Uwa ta yi magana, a ce ɓacin ran asara ne.

Sai ga keke ya tsaya bayan motar. Uwa ta sauko da ƙullinta. Ta tsaya cikin rana tana kallonsa, farcenta duk ya yi baƙi da ruwan ruɓaɓɓiyar albasa. Hannun da ya goye shi.

"Ku dakata," in ji Ummaru.

Ba wanda ya ji.

"Na ce ku dakata da lodin ga!"

Waƙar ta yanke. Wani ɗan dako ya tsaya tsakiyar katako da buhu a ka.

"Lahiya, Mai Hanci?"

"Alhaji, albasarka ba abin da ya same ta. Ta yayata ce ta ruɓe. Na haɗa aljihu."

"Ka haɗa mi?"

"Aljihu. Na sa taka a wanga, tata a wanga, na manta." Ya ciro hannun nan mai rawa ya bar shi a fili. "Tun murar kulle ban ƙara jin warin komi ba. Ko albasa, ko turare, ko masai. Shekara uku. Ka riƙe kayanka. A ba ta wuri a mota, don Allah."

Sunusi ya ce, "La ilaha illallahu. To bara da ka ce in sayar?"

"Ka yi asara?" in ji Uwa daga baya.

"A'a, amma..."

"To rufe baki."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar.

"Shekara uku," ya ce. "To wa ke shinshina muna?"

Ummaru ya dubi ƙasa.

"Ga ta nan," in ji Uwa. Ta jawo Laure daga bayan keken. "Matarsa ta. Kuma ba ta taɓa kure ba, shi ne ya ɓata rawarsa da tsalle."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce mace? Wani ya ce to mi, hanci na da gemu ne? Direban ya danna ham, ya leƙo ya ce shi fa rana na yi masa, a gaya masa ko sama ko ƙasa.

Alhaji ya ɗaga hannu, anka yi tsit.

"Makon jiya an ce mani ta ruɓe, yau an ce lahiya lau. In na sauke, motar ga ta tahi, bayan kwana goma ruduna ya hwara ɗiga, wa zan kama? Wuƙa ba ta hwaɗin gobe. Ni sai na ga hancin da idona."

Ya sa hannu cikin buhun da ke kusa ya ɗauko albasa ɗaya.

"Hajiya Uwa, akwai albasarki a nan?"

Ta kwance ƙulli ta miƙa masa ta ukun. Jajawur, tana sheƙi, ba ka raba ta da tasa.

Ya kai su bayansa ya jujjuya, ya fito da su, ɗaya a kowane hannu.

"Malama Laure, bismilla. Ki hwaɗa mani wacce ce ruɓaɓɓiyar. In kin gane, na yarda da hancinki. Yanzun nan a sauke nawa a ɗora na Uwa, ni zan biya 'yan dako. In ba ki gane ba, a ci gaba da lodi."

"Wanga ai wasa ne," in ji Uwa. "Laure, gama da shi mu tahi."

Laure ba ta motsa ba. Sai da Uwa ta tura ta.

Ta karɓi ta farko, ta kai hanci. Ta daɗe. Ta karɓi ta biyu. Ta koma ta farko. Ta goge hanci da hijabi, ta ja numfashi da ƙarfi har kafaɗunta sunka ɗaga.

Sannan ta lumshe ido, ta murza wuyan albasar a hankali.

Ummaru ya san wannan lumshe idon. Shekara uku yana yin sa.

Murar nan. Kananzir ɗin ɗazu. Uwa ta tambaye ta, ba ta amsa ba.

"Malama Laure, muna jira," in ji Alhaji.

Ta buɗe ido. Ba Alhaji ta duba ba, ba Uwa ba. Mijinta ta duba.

"Malam," ta ce, muryar can ƙasa. "Tun shekaranjiya."